Janareta, Bola da Lebura: Alhakin Masu Shirya Baje Koli ga Al'umma

Wannan lacca za ta tsaya a kan batu guda, wato cewa alhakin da ke kan masu shirya kasuwar baje koli ga al'umma yana farawa ne daga cikin filin baje kolin, tun kafin a kai ga buhunan shinkafar da ake miƙa wa gidan marayu a gaban 'yan jarida. Tarihin waɗannan kasuwanni sananne ne ga mahalarta, daga ta Legas wadda aka fara a 1977, zuwa ta Kaduna da ke ci a filinta na hanyar Zariya, da ta Kano da ke kan titin gidan Zu, da ta Inugu, don haka ba sai an maimaita shi ba.

Abin da ake kira alhakin kamfani ga al'umma shi ne nauyin da ke kan duk mai neman riba na kula da abin da aikinsa yake jawo wa mutane da muhalli, ko da doka ba ta tilasta masa ba. Ɗorewa kuwa, a ma'anar da rahoton Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yaɗa a 1987, ita ce biyan buƙatar mutanen yau ba tare da an tauye wa na gobe hanyar biyan tasu ba. Masu shirya taruka a duniya sun yi wa kansu ma'auni a kan haka, wanda aka fi sani da ISO 20121, da ya fito a 2012 daidai da wasannin Olamfik na Landan, sannan a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 manyan kamfanonin baje koli suka ɗauki alkawarin rage rabin hayaƙin da suke jawowa kafin 2030. A nan ne mai wannan lacca ya daɗe da raba gari da wasu abokan aikinsa, waɗanda suke ganin magani shi ne a ɗauko waɗannan takardu kacokan, a biya ƙwararru, a samu shaida a rataye a ofis. Ma'aunin ba shi da laifi, sai dai ya fi dacewa ne da irin baje kolin Hanoba da Faranfot a Jamus, inda kaso mafi tsoka na hayaƙi yake fitowa daga jiragen saman da ke kawo baƙi, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Mafi yawan masu zuwa baje kolin Kano ko Kaduna a bas da a-daidaita-sahu suke zuwa, hayaƙin kuwa a tsakiyar fili ake ƙera shi, saboda haka wanda ya bi lissafin Turai ido rufe ya bar jaki yana dukan taiki.

Duk wanda ya ratsa bayan rumfuna da yamma ya san abin da ake nufi. Kowace rumfa da nata janareta, wani na fetur wani na dizal, an jera su kusa da jarkoki, wayoyi sun bi ƙasa an rufe su da kwali ko tsumman darduma, salansa tana huro hayaƙi daidai tsayin yaron da ke talla, ga mai suya da garwashinsa a gefe. Litar man dizal guda idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon mai ɗumama duniya, ta fetur kuma kusan kilo 2.3, ke nan kowace lita 100 ta dizal ta tashi kilo 270. Wannan ma shi ne ƙaramin lahanin. Ƙananan injuna suna fitar da wata iskar mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ta sha hallaka iyalai a cikin ɗakunan barcinsu, kuma ƙarar da ta haura ma'aunin desibel 85 tana cin jin mutum idan ya wuni a cikinta, alhali mai tsaron rumfa yakan yi kwana goma ko fiye a haka. Ta fuskar kuɗi ma asara ce, domin injin da ake kunnawa don fanka biyu da ƙwan fitila da lasifika yana aiki ƙasa da ƙarfinsa, yana shan mai fiye da abin da yake bayarwa, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan nauyi ya fi danne ƙaramin ɗan kasuwa, wanda ya riga ya biya kuɗin rumfa.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan kusa, an kuma gwada shi a Kano ɗin. A 2018 hukumar samar da wuta a karkara ta sa aka fara bai wa shagunan kasuwar Sabon Gari wutar hasken rana, a 2019 kuma aka ƙaddamar da tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero. Baje kolin Arewa a cikin rani ake cin su, lokacin da rana take wadace ko da hazon hunturu ya ɗan rage mata kaifi, ga rufin manyan zaurukan baje koli a shimfiɗe ba a ɗora musu komai ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Cibiyar ciniki mai shirya baje koli da ta kafa ƙaramar tasha guda mai faifan sola da batura, da babban inji ɗaya na ko-ta-kwana, za ta sayar wa masu rumfuna wuta da mita a makonnin kasuwa, sauran watannin shekara kuma, da fili yake zaman banza ko ya koma wurin biki, ta sayar wa unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. Wannan ita ce kyautar da maƙwabta za su gani a jikinsu kullum.

Batun shara ba ya buƙatar dogon bayani. Ledar fiya-wata da robar abinci da tallunan roba da filawud ɗin rumfunan wucin gadi su ne ke cika fili bayan an watse, galibi kuma a tara a cinna musu wuta. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana mazubin abinci na soso a farkon 2024, fili mai katanga da ƙofa kuwa ya fi gari sauƙin tsarewa. 'Yan jari-bola, waɗanda ake kora daga bakin ƙofa, su ne suka san darajar kowace roba da gwangwani, kuma ya fi dacewa a yi musu rajista a ba su safar hannu da wurin tarawa. Haka nan kafintoci da 'yan dako da masu shara, waɗanda suke tayar da kasuwar cikin dare, ba kasafai ake samun sunansu a wata yarjejeniya ba, balle a yi maganar wanda zai biya asibiti idan ɗayansu ya faɗo daga kan tsani.

Akan ce cibiyoyin ciniki ba su da kuɗin wannan aiki, kuma tsaurara sharuɗɗa zai kori masu baje koli. Kuɗin ana kashe shi yanzu haka, a gidan mai, lita-lita, sai dai ba ya shiga littafin kowa, mai rumfa kuwa bai taɓa gudun wuta mai araha ba.

Saboda haka ana kira ga ƙungiyar NACCIMA, wadda ita ce uwar cibiyoyin, da ta wajabta wa kowace cibiya buga rahoto bayan kowace kasuwa, mai nuna litocin man da aka ƙona, da yawan motocin sharar da aka kwashe, da adadin leburorin da aka ɗauka da abin da aka biya su. A sa wa ƙananan janareta wa'adin fita daga fili, a karkatar da kuɗin da bankuna da kamfanonin siminti da na waya suke bayarwa na ɗaukar nauyi zuwa ga tashar wuta maimakon liyafa da kalanda, a kuma ware rumfuna masu rahusa a gaban fili, kusa da ƙofar shiga, ga dukawa da marina da matan da ke sarrafa gyaɗa da zoɓo, domin a halin yanzu can ƙurya ake tura su, kusa da injuna.