Jawabi A Kan Zane Da Raunin Tsohon Soja

Sojan da ya komo daga fagen fama yakan zo da rauni iri biyu. Akwai wanda likita ke ɗaurewa ya warke, akwai kuma wanda ke ɓoye a zuci, watau mugun mafarki, da firgita in an buga ƙofa, da fushi ba dalili, da dogon shiru. Wannan na biyu shi ke raba mutum da iyalinsa, ya hana shi riƙe sana'a. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi littafinsu na cututtuka.

Ɗaya daga hanyoyin jiyyarsa ita ce zane. Wani Baturen Ingila, Adrian Hill, wanda ya zana fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kwanta da tarin fuka a asibitin Midhurst a 1938. Ya lura cewa in ya ɗauki fensir, hankalinsa kan kwanta. Daga baya ya koya wa majiyyata zane, har da sojojin da suka jikkata a Yaƙi na Biyu. A 1942 ya raɗa wa aikin suna, watau jiyya da zane.

A 2010 aka buɗe wata cibiya a Bethesda ta ƙasar Amurka, domin sojojin da suka sami rauni a ka da a zuci, galibi a Iraƙi da Afganistan. A can ana ba soja farar fuskar takarda, da fenti, a ce ya zana abin da ke ransa. Wani ya raba fuskar biyu, rabi soja rabi magidanci. Wani ya sa wa bakin kwaɗo. Sa'an nan mai jiyya ta tambaye shi ma'anar zanen. Mutumin da ya kasa cewa "ni ne," sai ga shi yana bayanin fuskar da ke kan tebur, alhali kuwa kansa yake faɗi. Ashe gaskiyar Hausawa ce, labarin zuciya a tambayi fuska.

Lalle zane ba ya maye gurbin likita, kuma ba a neman gwaninta. Abin nema shi ne kafar da magana za ta fito.

Batun bai yi nisa da mazauna Kudu ba. A Oshodi ta Ikko akwai cibiyar da ke koya wa sojoji sana'a kafin su tuɓe kaki, kuma zangonnin Ikko da Sabon Ibadan ba su rasa tsofaffin sojoji, waɗansu suna gadi, waɗansu suna kasuwanci. In aka ga ɗayansu ya cika shiru, ko ya razana da ƙarar mota, kada a yi saurin cewa girman kai ne ko taɓuwa. A zauna da shi, a kai shi ga likita, in kuwa baki ya gaza, a miƙa masa takarda da alƙalami.