Jawabi A Kan Tsarin Magudanun Ruwan Noman Rani

Maganar da zan yi muku yau ita ce ta ruwan da ke ɓacewa a hanya tun bai kai gona ba.

Kun sani tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, manoman Kadawa da Kura suke noman alkama da shinkafa da tumatir da rani. To, amma ba dukan ruwan da aka sako daga madatsa ke isa gona ba. Rana tana shan wani, mafi yawa kuwa ƙasa ce ke tsotse shi ta gindin magudana da gefunanta. A ƙasa mai rairayi, magudanar da ba a yi wa daɓe ba tana iya rasa sulusin ruwanta, ko fiye. Wanda asarar nan ke faɗa wa shi ne manomin da gonarsa ke can ƙarshe, gama kafin ruwa ya iso masa ya zama ɗan tsiyaya. Na kusa ma bai tsira ba, don ruwan da ya nutse yakan taru a ƙarƙashin gona, ya ruɓar da saiwa, ya kuma taso da gishiri.

Maganin wannan tun kafin a sa diga ake yinsa. Abu na fari, a gwada ƙasa. Akan haƙa ɗan sashe, a toshe bakinsa biyu, a cika shi da ruwa, a auna yadda yake raguwa kowace rana. Ƙasa kuwa ta bambanta ƙwarai. A Jazira ta ƙasar Sudan, inda madatsar Sinnar ke ba da ruwa tun 1925, ƙasar laka ce mai kumbura in ta jiƙe, saboda haka magudanunsu ba su yoyo sosai ko ba siminti. Jigawa ba ta yin haka.

Na biyu, a bi hanya mafi kusa, a kauce wa rairayi da tsakuwa gwargwadon iko. Kada magudana ta yi faɗi ba zurfi, domin yawan ƙasar da ruwa ya taɓa shi ne yawan abin da za ta sha. A daidaita gangara kuma: in ruwa ya yi nawa sai ya daɗe yana nutsewa, in ya yi gudu da yawa sai ya zaizaye gefe.

Na uku, daɓe. Inda akwai yumɓu kusa, a shimfiɗa shi kaɗan kaɗan da danshi, a daɓe kamar daɓen ɗaki. Babbar magudana siminti ya fi dacewa da ita. Yana da tsada, amma yana daɗewa in ana toshe tsagarsa da wuri. Ana kuma shimfiɗa leda mai kauri a rufe ta da ƙasa, ko a sa bututu.

Sauran aikin naku ne, manoma. Kada a fasa gefen magudana don satar ruwa. Kada a kora dabbobi su tattake ta. A cire ciyawa, a toshe ramin gafiya da na gara, in an ga tsaga a gaya wa malamin gona nan da nan. Allah ya ba mu albarkar noma, amin.