Wa'azi a Kan Haƙƙin Matar Soja Wadda Mijinta Ya Yi Nisa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai da munka taru nan Hubbaren Shehu, maganata yau a kan gidan da maigidansa ya tafi yaƙi take.

Ku sani, a shekarar 1943 da 1944 Turawan Ingila sun kwashi samarin ƙasar ga cikin jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai dajin Bama, yaƙi da Japan. Runduna ta 81 ta yi faɗa a kwarin Kaladan, ta 82 ta bi ta Arakan. Da yawansu ba su komo ba sai 1946. Shekara biyu, shekara uku, mace na zaune, ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. Shi kuwa can ruwa na dukansa, zazzaɓi na cinsa, amma tunanin gida ya fi cinsa: yara sun ci? An ɗaura wa matata aure da wani?

Shari'a ba ta ƙyale wannan ba. An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi ɗiyarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, sa'an nan ya hana a tsare mayaƙi fiye da wata 4, wasu sunka ce 6. Risala kuwa ta yanka wa matar wanda ya ɓace shekara 4 bayan ta kai ƙara an bincika, kana ta yi idda. In ci da sha ya yanke, wannan hukuncinsa dabam, alƙali ke duba shi. Ashe jita-jita ba ta kashe aure.

Har yau sojoji na fita daga barikin Giginya zuwa daji, mata na jira. Don haka ina roƙonku abu uku. Kada malami ya ba da fatawar mutuwar mutum a kan "an ce". Maƙwabci ya leƙa tukunyar gidan kafin a roƙe shi, ya kame bakinsa daga zargin matar. In sojan ya komo yana firgita cikin barci, ko ya yi shiru, kada a kira shi mahaukaci. A zauna da shi, a yi masa addu'a, a kai shi ga likita.

Allah ya komo da su lafiya, ya ba iyalinsu haƙuri. Tammat.