Ciwon Sukari Da Taimakon Da Ba Ya Yankewa

Yau maganarmu a kan ciwon sukari ce, da kuma yadda ya kamata a yi da kuɗin taimako domin ya amfani masu wannan ciwo a ƙasar Dutse, da Kiyawa, da Jahun, da Birnin Kudu, da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Da fari, mene ne ciwon sukari? Abinci irin su tuwo da fura da shinkafa da rogo, in ya shiga ciki yakan narke ya zama sukari, ya bi jini. To, akwai wani ruwa da jiki ke yi, sunansa insulin, shi ne ke shigar da sukarin nan cikin tsoka ya zama ƙarfi. In ruwan nan ya gaza, ko kuwa jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa wurin wani.

Alamunsa su ne yawan fitsari har da dare, da ƙishirwa, da rama ko da mutum na cin abinci, da gani dishi-dishi, da miki wanda ya ƙi warkewa. Wani ma yakan ga kiyashi na bin fitsarinsa. Amma da yawa ba su jin kome sai ciwon ya taɓa ido, ko ƙoda, ko ƙafa. Awon jini kaɗai ke nuna gaskiya. Ana yin sa da safe kafin a karya. In na'ura ta nuna 126 ko fiye, sai a sake awo wata rana don a tabbata. Wata na'urar 7 take rubutawa maimakon 126, duk abu ɗaya ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 masu ciwon nan miliyan 200 ne a duniya, amma a 2022 sun kai miliyan 830, fiye da rabinsu kuwa ba su shan magani. Me ya sa? Babban dalili shi ne ciwon sukari ba kamar zazzaɓi yake ba, wanda za a sha magani kwana uku a miƙe. Abokin zama ne har iyakar rai. Kowane wata sai an sayi ƙwaya ko allura, a yi awo, a biya kuɗin mota.

Ga inda kuɗin taimako ke shigowa. Sau da yawa wani mai hali yakan kawo likitoci gari, a yi awo kyauta yini guda, a raba maganin wata ɗaya. Allah ya saka masa da alheri. Amma fa in watan ya ƙare, talaka ba shi da na saye, sai ya bari. Sukari ya koma inda yake, ɗan ƙaramin miki a yatsa ya zama gyambo, a ƙarshe a yanke ƙafa. Taimako kaɗan wanda ke zuwa kowane wata ya fi mai yawa na rana ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika.

Tun asali da kyauta aka fara. An gano insulin a 1921 a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A 1923 Likita Banting da abokan aikinsa biyu suka miƙa haƙƙin maganin ga jami'ar birnin a kan dala 1 kowannensu, don kada tsada ta hana mutane samu. Ranar haihuwarsa, watau 14 ga Nuwamba, ita ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya. A 2002 kuma aka kafa Gidauniyar Ciwon Sukari ta Duniya a ƙasar Danmak, Nijeriya na cikin ƙasashen da suka ci amfaninta. Amma ku lura, irin waɗannan gidauniyoyi ba su ba mutum ɗaya kuɗi a hannu. Ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyi masu tsari da lissafi suke ba.

A nan gida ma muna da abin koyi. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, shi ne ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, a zuba yashi mai laima tsakaninsu don kayan lambu su daɗe. Da kuɗin aljihunsa ya fara raba su a ƙauyukan Jigawa, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Wannan dabara tana da amfani ga masu allura, gama zafi na kashe ƙarfin insulin. Firji ya fi, amma inda babu wuta, a sa kwalbar cikin mazubi mai murfi, a ajiye a tukunyar, a inuwa, a riƙa jiƙa yashin. Kun ga taimako mai araha wanda ke aiki kullum.

To, me ƙauye zai yi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kafa asusu. A zaɓi amintattu su riƙe shi, da mai unguwa, da liman, da malamin asibiti, da mace guda ko biyu saboda matan aure. Da kaka kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, mudun gero ne, ko riɗi, ko zoɓo. 'Yan gari da ke aiki a Kano ko Abuja a tuna musu da gida. Masarautar Dutse tana da kwamitin zakka da waƙafi, sai a kai sunayen marasa hali ta hannun dagaci. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a littafi, a karanta wa jama'a kowane wata. Inda lissafi ya fito sarari, mai bayarwa ba ya gajiya.

Kuɗin kuwa a kashe shi ta hanya uku. Na ɗaya, awo: a saya wa ɗakin shan magani na'ura da kayan aikinta, kada su yanke. Na biyu, magani da kuɗin mota ga wanda aka tura Babban Asibitin Dutse, ko Asibitin Rasheed Shekoni, ko na Tarayya da ke Birnin Kudu. Na uku, ilmi, shi ne mafi araha. A koya wa mutane su rage lemon kwalba da sukarin shayi, su yawaita wake da zogale da rama, su yi tafiyar ƙafa ta rabin sa'a kullum. Dabinon Dutse da daɗi, amma mai ciwon sukari ya ci kaɗan. Ya duba ƙafafunsa kowane dare, kada ya yi tafiya ba takalmi, kada ya bari a tsaga masa miki. Kafin azumi ya nemi shawarar likita. Ko kwabo kuwa kada a ba mai tallar magani a kasuwa wanda ke cewa zai raba mutum da ciwon nan cikin mako guda.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ya haura shekara 40, ko mai ƙiba, ko mai juna biyu, ko wanda akwai ciwon a danginsu, ya je a auna shi. Wanda ke shan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Mai hali kuwa ya ɗauki nauyin mutum guda, ya riƙe shi wata bayan wata.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa.