Jawabin Shugaban Kwamitin Unguwa a Wajen Buɗe Ofishin 'Yan Sintiri da Ƙaddamar da Fitilun Titi



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, da Ya raya mu Ya nuna mana wannan rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, wanda Sakataren mulki ya wakilta, Mai girma Hakimi, uban taro, Allah ya ja zamaninka, Mai girma Dagaci da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma, Mai girma Kansilan mazaɓarmu, Baturen 'yan sanda na wannan yanki da jami'ansa, Kwamandan Hisba, wakilin rundunar Sibil Difens, wakilin hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, limamanmu na Juma'a da na hamsus-salawati, shugabannin makarantun boko da na Islamiyya da alarammomin tsangayu, 'yan kasuwa da masu hannu da shuni da suka tallafa, iyayenmu mata, ƙungiyoyin matasa, 'yan jarida, sauran manyan baƙi maza da mata, ina yi muku barka da zuwa a madadin kwamiti da ɗaukacin al'ummar wannan unguwa.

Kafin in ci gaba, ku samarin da ke layin gaba, ku tashi ku ba iyayenku mata kujeru. Tun ɗazu suke tsaye a rana. Ku tashi mana. Yauwa, Allah ya yi muku albarka.

Ranka ya daɗe, abin da ya tara mu a yau aikin gayya ne. Da taro da sisi aka haɗa, daga attajiri har mai ƙosai, ƙaramar hukuma kuma ta cika mana. Cikin ikon Allah wannan kwamiti ya kafa fitilu masu aiki da hasken rana tun daga bakin titi, suka bi ta masallacin Juma'a da lungun Islamiyya har ƙofar maƙabarta. An yashe babbar magudanar ruwa, an sake gina kwalbatin da ya rufta. An gyara rijiyar burtsatse, an sa mata sabon tanki. An rufe ajujuwan firamare da iska ta yaye, an ɗaga katangar maƙabarta, an sayi sabuwar makara. An shirya duba lafiyar idanu kyauta ga tsofaffi, an yi gasar karatun Alƙur'ani ta yara, an tallafa wa marayu da kayan Sallah. Sai kuma wannan ofishi da muke tsaye a gabansa, wanda 'yan sintirinmu za su koma daga yau, su bar rumfar langa-langar da suka daɗe suna fakewa a ciki.

Maganar magudana ba zan tsawaita ba, kowa ya san ta. Kano gari ne na kududdufai. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun yi gini, ramukan suka riƙa tare ruwan sama, abin da ya yi saura ya gangara rafin Jakara. Mu kuma muka cike ramukan da shara muka yanka filaye. Duk mun ga yadda ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022, dukiya mai yawa ta salwanta. Don haka wanda aka kama yana juye bola a wannan magudana, ko ya fito da dakali ya toshe ta, mai unguwa zai kira shi. Kuma tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata ta shafi kowa, a daina turo almajirai ana kwance a ɗaki.

Ranka ya daɗe, a nan zan ninke takardar da sakatare ya rubuto mini, domin akwai maganar da ke ci mini rai, kuma ban ga wurin da ya fi nan dacewa da ita ba.

Ku 'yan sintiri, ku matso kusa. Kwamanda, matso da yaranka su ji da kunnuwansu.

Babu wanda zai raina aikinku. Mun san yadda unguwar nan take lokacin da ƙwacen waya ya yi ƙamari a Kano, musamman a 2023. Mutum ya fito sallar asuba sai ya bar wayarsa a gida. Ɗalibai mata ba sa yarda magariba ta riske su a hanyar Islamiyya. Yara ƙanana, waɗanda ba su wuce goyon jiya ba, sun sha ƙwaya sun soke ɗanbida a ƙugu, a kan wayar da ba ta taka kara ta karya ba sai su illata magidanci. Ku ne kuka fito da tocila da gora da usur, cikin sanyin hunturu da ruwan Agusta, ba albashi, ba fansho, muna barci kuna tsaye. Allah ya saka muku da alheri, Ya tsare ku.

Amma ku riƙe wannan: kamu naku ne, hukunci ba naku ba ne. Wannan ofishi da muka gina ba kotu ba ce, ba gidan yari ba ne. Da gangan muka ce wa magini kada ya fitar da ɗakin kulle mutane, kuma ba za a fitar ba muddin wannan kwamiti yana nan. Teburi ne a ciki da benci da babban littafi. Duk wanda kuka kama, a rubuta sunansa da lokacin da aka kama shi da abin da ake zargi da sunan wanda ya kawo ƙara, a kira mai unguwa, a miƙa shi caji ofis a daren. Ba sai gari ya waye ba. Tsarin mulkin 1999 bai bar ɗan sanda ma ya riƙe mutum yadda ya ga dama ba, kwana ɗaya ya ba shi ya kai shi gaban alƙali idan akwai kotu a kusa. Tun 2017 kuma akwai dokar tarayya da ta haramta azabtar da wanda ake tuhuma. To idan mai kaki da lambar gwamnati an ɗaure masa hannu haka, ina ga ku?

Ba don komai nake nanata wannan ba sai don abin da ya faru a unguwar nan, wanda da yawanku kun sani. Aka yi wa wani yaro ihun ɓarawon waya a bakin rijiya. Kafin a ce kwabo an yi masa rubdugu, aka ja shi rumfa aka ɗaure shi da igiyar guga. Mahaifiyarsa ta zo ba ko takalmi, mayafinta a hannu, ta durƙusa a ƙofar rumfar tana cewa a bar ta ta ba shi ruwa, aka hana ta. Washegari mai wayar ya tsinci abarsa a ƙarƙashin kujerar adaidaita sahun da ya hau. Yaron nan har yau hannunsa na hagu ba ya miƙewa. Wa zai biya shi? Da wane ido za mu dubi uwarsa? Mun je mun ba da haƙuri, mun biya kuɗin asibiti, ta ce ta bar wa Allah. Wallahi tun daga ranar wannan kalma ba ta bar ni na sake ba.

Kuma mu mutanen Kano, mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron wannan ɗabi'a. A watan Maris na 2025, cikin azumi, ana dab da ƙaramar Sallah, 'yan'uwanmu mafarauta suka taso daga Fatakwal za su zo gida. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintirin garin suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Ba a kai su gaban kowa ba. Mutum 16 aka kashe, aka cinna musu wuta. Akasarinsu 'yan jihar nan ne, har gwamnan Edo ya tako Kano ta'aziyya, aka je Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure aka ga zawarawa da marayu. Duk mun yi kuka, mun yi Allah wadai, mun ce a bi musu haƙƙinsu. To waɗanda suka tare motar nan, su ma a garinsu masu tsaron unguwa ake kiransu. Su ma sun ɗauka aikin alheri suke yi. Ba zai yiwu mu la'anci abin da aka yi wa namu a can, mu dawo mu aikata irinsa a kan ɗan maƙwabcinmu ko baƙon da ya sauka da jakarsa yana neman masauki ba. Ku tambayi mutanen Zamfara yadda kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya ƙara rura wutar ramuwar gayya, wutar da har yanzu ba ta mutu ba.

Can baya, wa ke surutu? Idan maganar ba ta shafe ka ba yau, gobe ɗanka za a yi wa ihu. A yi shiru don Allah.

Saboda haka kwamiti ya yanke shawara, kuma Mai girma Dagaci ya amince. Ɗan sintirin da ya doki wanda ya riga ya kama, ko ya karɓi kuɗi ya sake shi, ko ya yi amfani da rigar nan ya rama wata tsohuwar gaba, ko aka ji warin wiwi a jikinsa a bakin aiki, zai ajiye riga da katinsa a ranar, kuma mu da kanmu za mu raka shi caji ofis. Babu wanda zai shiga wannan aiki sai mai unguwarsa da limaminsa sun tsaya masa. Ba ma son a tuɓe rigar daba a sa ta sintiri alhali hali bai sauya ba.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na san abin da ke sa yaran nan fushi har su kai hannu. Za su kwana suna fakon ɓarawo, su kama shi da makami, su miƙa shi. Kafin azahar wani babba a cikinmu ya sa babbar riga ya tafi neman alfarma: ɗanmu ne, yaron gidan wane ne, a rufa asiri. Da la'asar sai ga yaron a bakin layi yana nuna ɗan sintirin da yatsa. Wannan laifinmu ne mu manya, kuma wasu masu yin haka suna zaune a rumfar nan. Ba zan kama suna ba. Beli haƙƙi ne, doka ta tanada, babu mai hana shi. Abin da muke ƙi shi ne a bi ta bayan fage a kashe magana, a tsorata mai ƙara ya janye. Haka masu sayen wayar sata, da 'yan jari-bolar da ke karɓar murfin kwalbati da batirin fitila ba tambaya. Duk wanda aka samu da batirin fitilun nan a shagonsa, shi da ɓarawon hukuncinsu ɗaya a wurinmu.

Ranka ya daɗe Baturen 'yan sanda, roƙonmu gare ka shi ne a ba mu lambar da za a kira da tsakar dare a ɗauka, a kuma turo jami'i lokaci-lokaci ya koya wa yaran nan yadda ake kamu da yadda ake ba da shaida a kotu. Ga wakilin Shugaban Ƙaramar Hukuma kuma, a isar mana da godiya, a kuma isar da cewa wanda ya kwana a tsaye da yunwa, jarrabawa ce babba a miƙo masa kuɗi ya ƙi karɓa. Ɗan alawus na wata-wata, ko yaya yake, zai taimaka. Mu ma magidanta, kuɗin sintirin da aka yanka wa kowane gida a riƙa biya a kan lokaci, a karɓi rasit. Ma'aji zai riƙa karanta lissafi a masallaci bayan sallar Juma'ar farkon kowane wata.

Ina godiya ta musamman ga iyayenmu mata da suka yi adashi suka sayi fitilun lungun Islamiyya da kuɗinsu, da matasan da suka shiga magudana da shebur ba a biya su ko sisi ba, da bawan Allahn da ya ba da filin wannan ofishi ya ce kada a ambaci sunansa. Allah ya sa a mizani.

Yanzu, da izininka ranka ya daɗe, Kwamanda zai fito shi da mataimakansa su sa hannu a shafin farko na littafin nan, inda aka rubuta sharuɗɗan da na faɗa, a gabanka da gaban jama'a. Bayan nan muna roƙon Mai girma Hakimi ya yanke ƙyalle ya buɗe mana ofishi, Malam Liman ya rufe taro da addu'a. Fitilu kuma za su kama da kansu da magariba. Kwamanda, bisimilla, ga alƙalami.