JAWABI A KAN JUJI DA LAFIYAR TALAKA

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, 'yan kasuwa da mahauta da masu tuwo-tuwo da manoma, muna gaishe ku da ƙoƙari. Maganar da muka zo da ita yau ba ta da daɗin ji, domin magana ce ta juji. Amma ku yi haƙuri ku saurara, don kuwa cikinmu akwai waɗanda suka binne 'ya'yansu saboda ita.

A zamanin iyayenmu juji dukiya ne. Toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi da karan dawa. In bazara ta yi sai a zo da jaki da mangala a kwashe a kai gona ya zama taki, har maigida ya yi faɗa in wani ya taɓa masa jujinsa. To, mun gaji al'adar tara shara a bayan danga, amma sharar ta sāke. Jujin yau leda ce da robar ruwa da gwangwani da tsohon batir da ƙunzugun jarirai na kanti. Ba ya ruɓewa, manomi ba ya sonsa, saboda haka nan yake zama shekara da shekaru, yara na wasa a kai, awaki na kiwo a kai. Ku tambayi mahautan da ke nan irin ledar da suke fitarwa daga tumbin dabba.

Mu mutanen ƙasar nan ba mu bukatar wani ya zo daga nesa ya gaya mana abin da ƙazantar gida ke yi, mun gani da idonmu a 2010. A shekarar nan yara suka riƙa faɗuwa suna jijjiga suna mutuwa a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega cikin ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru cikin ƙasar Bukkuyum. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce zazzaɓi ne. Da likitocin ƙungiyar MSF suka lura, aka auna jinin yaran, ashe gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da dalma, aka riƙa kawo shi cikin gari da cikin gida ana daka shi a turmi ana niƙa shi a inji, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, ragowar ƙasar da aka wanke kuwa aka zubar a gefen danga da bakin kududdufi kamar kowace shara. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Shi ke nan. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka fara bincike an tarar kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ya mutu cikin shekara guda.

Ga abin da muke so ku riƙe daga wannan masifa. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci suka ce ba shi da amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da gubar take, sai an fara tsabtace gidan. Haka aka bi gida-gida da fartanya da shebur ana kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗaki, ana zubawa a buhu, ana kai wa rami a bayan gari ana binnewa, sa'an nan a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Watau babban aikin da ya ceci yaran nan kwasar shara ne. Bagega kuwa, wadda ta fi kowane gari yawan jama'a cikinsu, sai da ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, yara na nan kwance cikin guba ana kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan. Wannan ba mu manta ba.

Kada wani ya ce shi ba ya haƙar zinariya, ba ruwansa. Batirin mota da na babur da yawancin na sola dalma ce a cikinsu. Wanda ya fasa shi a tsakar gida, ko ya jefa a juji, ya kawo wa 'ya'yansa ƙanwar abin da ya faru a Dareta.

Sai maganar damina. Kowa ya san ba shara kaɗai ake zubarwa a juji ba, nan ake juye fo ɗin yara, nan wanda ba shi da masai yake zagayawa da dare. In ruwa ya sauka sai ya wanke wannan duka ya bi da shi kwata. Kwata kuwa leda ta toshe ta, sai ruwan ya nemi hanya, ya shiga lungu, ya shiga rijiyar da ba ta da baki, ya gangara gulbi inda mata ke wanki ana ɗiban na sha. Ta haka kwalara, watau amai da gudawa, take tafiya: daga bayan gidan mai ciwo zuwa randar mai lafiya. Ƙuda kuma yana yin nasa dakon, ya tashi daga juji ya sauka a kan fura da tsire da yankakkiyar kankana. A 2021 an lissafta mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da suka sha wuya. Mutanen Gummi da suka ga ambaliyar daminar 2024 sun san in ruwa ya shigo gari ba ya tambayar ina juji ina rijiya. Ruwan da ya kwanta bayan haka shi ne gidan sauro, zazzaɓi ya biyo baya.

Wanda ciwon nan ya kama, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Rashin ruwa a jiki shi ke kisa, wani lokaci cikin yini guda. A samu tafasasshen ruwa lita 1, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ana kan hanyar asibiti.

To, laifin wa? Akwai namu, ba mu ɓoyewa. Mai rumfa ya share gabansa ya tura wa maƙwabci, matar gida ta aiki yaro da kwandon shara ta ce ya zubar ko'ina. Wasu kuma su cinna wa leda wuta da magariba, hayaƙin ya cika unguwa, tsofaffi da masu asma su kwana tari. Amma a faɗi gaskiya, talaka in ya share gidansa, ina zai kai sharar? Tsofaffin cikinmu sun tuna zamanin duba-gari, da yake shiga gida ya leƙa randa ya ci mutum tara. Ba mu kewar wulaƙancin da aka sha a hannunsu. Abin da muke cewa shi ne kwasar shara da gyaran kasuwa aikin ƙaramar hukuma ne, tsarin mulkin ƙasa ne ya ɗora mata. Ran kasuwa ba a mantawa da karɓar kuɗin rumfa, har mai tallan daddawa sai ta biya. Wanda ya iya karɓa ya iya turo amalanke.

Saboda haka muna roƙon sarakunan kasuwa da sarakunan fawa da masu unguwanni su haɗa kai su je wurin kansiloli da bukatu a rubuce: a keɓe wurin zubar da shara a bayan gari, nesa da rijiya da gulbi, a sa ranar kwasa, a gina masai a kasuwa, a yashe kwatoci tun kafin ruwan fari. Mu kuma a gida mu ware toka da kashin dabba su tafi gona kamar dā, leda da gwangwani dabam, kashin yara a zuba a masai, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi. Tsohon batir da dutsen zinariya kuwa kada su ƙetare zaure.

Wanda ya kai takardar ya karɓi shaidar an karɓa, ya riƙe kwafi, ya zo da shi taro na gaba a karanta wa jama'a amsar da aka ba shi.