Fitilar Hazo: Ruwan Ɗorawa Ko Fara?

Yau ba maganar katin zaɓe ko aikin yi na kawo maku ba. Hunturu ya shigo, hazo ya fara sauka, sai wani ɗan'uwa ya turo mani tambaya: zai saka fitilar hazo a motarshi, wadda direbobi ke ce wa fog, ruwan ɗorawa zai saya ko fara? Da farko na yi dariya, na ce ni da ba bakanike ba. Sai kuma na tuna abin da ya same mu bara.

Daga Kano muka taso bayan isha'i, ni da yayana a Golf ɗinshi, za mu gida Sukuntuni. Mun wuce Tsanyawa, hazo ya yi kauri har ba ka ganin bishiyoyin gefen titi. Wajen Gidan Mutum Ɗaya sai ga wata mota tana tahowa da irin dogon faifan LED ɗin nan da ake ɗaurawa a gaba, fari fat har da shuɗi-shuɗi. Wallahi gabanmu ya koma farin bango. Yayana ya taka birki ba don ya ga komai ba, tsoro ne kawai. Da motar ta wuce sai ga amalanken shanu ɗauke da kara a gabanmu, bai fi taku biyar ba, da yaro a kai. Har muka isa Kankia babu wanda ya ce uffan.

Tun daga ranar na fara bin diddigin maganar nan.

A tasha, duk direban da ka tambaya ce maka zai yi ruwan ɗorawa tana “yanka” hazo. Ni ma haka na ɗauka. To amma a kimiyyance abin bai tsaya haka ba. Gaskiya ne iska ta fi watsa shuɗin haske, shi ya sa sama take shuɗiya. Amma wannan yana faruwa ne da ƙwayoyin da suka yi ƙanƙanta ƙwarai, irin na ita iskar kanta. Ƙurar hunturu kuwa, wadda yawancinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ƙwayoyinta sun fi haka girma. Ita ba ta zaɓen launi. Fari ne, ɗorawa ne, kusan duk daidai take watsa su. Wato babu launin da zai huda maka hazo ka hango Charanchi daga Kankia.

To me ya sa direbobi suke rantsuwa da ita? Ba ƙarya suke ba, idonsu ne yake faɗa masu gaskiya. Idon mutum yana wahala da shuɗin haske, ya fi ɗauke ido, ya fi gajiyarwa. Idan hasken ya bugi ƙura ya dawo maka, farin da ke da shuɗi a ciki ya fi takurawa. Ruwan ɗorawa an tace shuɗin, sai ido ya samu sauƙi. Faransa ma doka ta yi a 1936 cewa manyan fitilun mota su zama ruwan ɗorawa, kuma ba su janye wannan tilas ba sai 1993. Sai dai akwai farashi: idan gilashi mai launi aka sa a gaban farin ƙwai, ana asarar haske kamar kashi 15 cikin 100. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilar hazo ta gaba kuwa duka biyun ta yarda da su, fara da ruwan ɗorawa.

Idan ka je sayen ƙwai, ko a Ƙofar Ruwa a Kano ko wajen mai kayan mota a Katsina, duba kwalin. Za ka ga an rubuta 3000K ko 6000K. Samari da yawa suna ɗauka babbar lamba ita ce ƙarfin haske. A'a, launi take nufi. 3000K shi ne mai ɗorawa-ɗorawa, 6000K fari ne mai karkata zuwa shuɗi. Ƙwan halojin da yawancin tsofaffin motocinmu suka zo da shi yana wajen 3200K. Ka ga kenan wanda ya cire shi ya sa 6000K don gayu, a hunturu baya ya ci.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku saurare ni, don nan ne ainihin maganar. Abin da ya sa fitilar hazo ta zama fitilar hazo ba launinta ba ne, mazauninta ne da yadda take zuba haske. Ƙasa ake sa ta, a bamba. Haskenta faɗi yake yi, a shimfiɗe, an datse samanshi. Hikimar ita ce ya bi ƙasa ya nuna maka bakin kwalta, kada ya tashi sama ya bugi ƙurar da ke daidai idonka ya dawo maka. Shi ya sa kunna fulayit a cikin hazo yake ƙara makantar da kai. Shi ya sa kuma faifan LED da aka ɗaura a saman mota, ko da ka shafa mashi ruwan ɗorawa, ba fitilar hazo ba ne. Kai ba ka gani da kyau ba, mai tahowa kuma ka kashe mashi ido. Kuma wa ya fi shan wahalar? Ɗan acaɓa, mai keke, mai amalanke, wanda ba shi da ƙarfe ko ɗaya da zai kare shi. Yawancinsu sa'anninmu ne ko ƙannenmu.

Saitin ba wuya. Da dare ka samu fili mai daidai, ka fuskanci katanga, tazarar kamar mita 7 da rabi. Auna tsayin fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bangon. Saman hasken ya tsaya ƙasa da alamar da kamar santimita 10, faɗin tafin hannu kenan. In ya haura, rewaya ya sauke maka ita, minti kaɗan ne. Ka riƙa goge gilashin fitilar kuma, don ƙurar yini ɗaya ta isa ta dushe ta.

Sai gudu. Fitilar hazo kusa take haskawa, ba nesa ba. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki, ka riga ka cinye wurin da fitilar ta nuna maka. Ranar da NiMet ta yi gargaɗin hazo, har jirage a filin Malam Aminu Kano akan jinkirta. Matuƙin jirgi da duk na'urorinshi ya haƙura, kai da Golf kana 120?

Ɗan'uwa mai tambaya, amsata ita ce ruwan ɗorawa, in dai hanyar Kano zuwa Katsina kake bi da dare tsakanin Nuwamba da Maris. Idan motarka ta zo da fara ta asali kuma tana aiki, kada ka ɓata kuɗinka, saita ta kawai. Mu dai mun sa wa Golf ɗin yayana ruwan ɗorawa, muka saita a katangar gidanmu, yara sun taru suna kallo kamar sinima.

In kana da abokin da ya ɗaura faifan nan a saman mota, tura mashi wannan shirin. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu yi maganar babura marasa fitilar baya. Wassalamu alaikum.